Mayafin da Sama'ila Ya Gani

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Danchadi ya san Sama'ila mai gyaran injin ban ruwa, wani dogo siriri, hannunshi kullum baƙi ƙirin da baƙin mai, ba ya da yawan magana amma in ka yi mai abu to ka sani ya aje, ba ya mantuwa. Tun shina yaro haka yake. An ce wani jaki ya taɓa harbinshi a cinya shina ɗan ƙarami, har jakin ya tsufa Sama'ila bai taɓa wucewa ta gabanshi bai harare shi ba, ranar da anka saida jakin kuwa sai da ya raka shi har bakin hanya don ya ga tafiyarshi da idonshi.

Uwarshi ta rasu shina goye, sai ƙanwar ubanshi Gwaggo Tani ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Tukur, akushi guda tabarma guda bulala guda. Taubasai ne ke nan, kuma sun riƙe wasan taubasantaka gam, kowa na ce ma ɗan'uwanshi bawana, in sun haɗu bakin kasuwa sai an raba su da dariya. Da sunka girma gidajensu ma katanga guda ta raba, na Tukur shi ke arewa. Tukur dillalin albasa ne, gajere mai ƙiba mai baki, shina son a ce shi ne, kuma shina da kishin iyali irin wanda ko zakaran maƙwabta ya hau katangarshi sai ya jefe shi.

Yadda anka yi Sama'ila ya samu madubin hangen taurari kuwa, wani malamin kimiyya ne da anka turo makarantar sakandare can Shagari, Malam Mansur, janaretanshi ya lalace anka ce mai akwai wani gwani Danchadi. Sama'ila ya hau babur ya je, shina cikin kwance inji sai ya hangi wani abu jingine a kusurwar ɗaki awa bututun rijiyar burtsatse, fari, kauri ya kai cinyar ƙato. Ya ce Malam wannan injin mi ne. Malam ya yi dariya ya ce tsaya a yi magariba ka gani. Anka yi magariba anka fito da abu tsakar gida anka saita mai wata, da ya sa ido sai ya ja baya da sauri har ya taka buta, ramuka ya gani da duwatsu, ya koma ya sake sawa, ranar sai da Malam ya ce mai tashi ka kama hanya iyalinka na jira. Daga nan ya mai da Shagari gida, ko ba gyara sai ya je. Da yanar ido ta fara kama Malam Mansur ya zan ba ya gani sosai, sai ya ce Sama'ila ɗauki abin ga ka kai Danchadi, ya fi ya zauna nan gizo-gizo na saƙa ciki. Haka ya ɗauro shi bayan babur cikin bargo, mutane na ta tambaya ko gawa ce.

Bisa soron ɗakinshi yake hawa da shi bayan isha'i. Da farko kafin ya taka tsani sai ya ɗaga murya ya ce a kintsa za a hau bisa, yadda masu yaɓe ke yi don matan maƙwabta su suturta, to da abin ya zan kullum sai ya bari, ya ɗauka kowa ya saba.

Malam ya taɓa gaya mai tsakanin taurari akwai wani abu awa hayaƙi, wai ragowar wani tauraro ne da ya fashe tun kafin kakannin kakanni, kuma sunan da masana sunka sa mai in an mai da shi Hausa mayafi ke nan, don haka yake, siriri, a yage. Da kaka yake fitowa, in ruwa ya wanke sama, bayan isha'i shina can bisa kai ya ɗan karkata arewa. Amma dishi-dishi ne ƙwarai, sai wuri ya yi duhu sosai, sai mai haƙuri. Sama'ila ya yi ta nema har wuyanshi ya ƙage, ran nan dai Allah ya ba shi, wani ɗan zare fari-fari da in ka ƙifta ido ya ɓace. Bai yi barcin kirki ba don murna.

Da safe ya tahi wurin Salisu mai shayi, benci cike da mutane, Tukur na ciki shina tsoma burodi. Abin da Sama'ila bai sani ba, cikin satin nan matar Tukur, Mariya, ta sawo wani mayafi na yayi kasuwar Bodinga, shara-shara, sun yi ta rigima kanshi har Tukur ya ce in ta sake ya gan shi a kanta sai ya sa mai wuta.

Sama'ila ya zauna shina murmushi shi kaɗai, Salisu ya ce yau kuma lafiya.

"Jiya Allah ya yi, na gan shi," in ji Sama'ila.

"Mi kag gani?"

"Mayafin mana. Siriri na ƙwarai, shara-shara, har kana hangen abin da ke bayanshi. In na hau bisa soro nan arewa da ni yake."

Tukur ya aje kofi. "Arewa da kai gidan wa na?"

Mutane sunka fashe da dariya, shi kuma Sama'ila ya ɗauka wasan da sunka saba ne, sai ya ce, "Gidan bawana na mana. Ai kai da gidan naka duk mallakina na, in na duba mi a ciki?"

Shi ke nan. Tukur ya miƙe har benci ya ɗaga da mutanen ɗaya gefen, ya ci kwalar rigarshi, ya ce dama abin da kake hawa yi ke nan, ɗiyan mutane na barci kai kana leƙe. Sama'ila ya ga idonshi ya yi ja ya gane ba wasa, ya fara cewa a'a tsaya, na sama nike nufi, na taurari, amma wa ke saurare, kafin azahar labari ya kai har fadama.

Anka kai su gaban mai unguwa. Sama'ila ya duƙa ya ce ranka shi daɗe abin ga ko kusa ba ya kallon gidan kowa, sama yake kallo, ga ya nan gida, Tukur shi zo yau bayan isha'i shi sa ido shi gani da kanshi. Tukur ya tofar da yawu gefe ya ce, "In sa idona inda kake sa naka? Allah shi kiyaye ni." Mai unguwa tsoho ne mai son zaman lafiya, ya ce to shi dai bai ce an yi ba bai ce ba a yi ba, amma daga yau kar a sake hawa soro da bututu. Shina faɗin haka kowa ya ɗauka an yi ke nan.

Sunan da ya bi shi Mai Leƙe. Tukur ne ya fara faɗinshi wurin mai shayi, yara sunka ɗauka. Da can in injin markaɗe ya lalace cikin gida sai a ce shigo Sama'ila ai kai ɗan gida ne, yanzu sai maigida ya ciccibo inji da kanshi ya kawo ƙofar gida shina nishi, ya tsaya kuma ya tokare ƙofa. Mata in sun hango shi sai su ja mayafi su rufe har hanci. Wanda ya fi ci mai rai ranar da ɗiyarshi Khairat ta dawo Islamiyya tana kuka, wai an ce kar a zauna kusa da ita ubanta na gani ta cikin tufafi. Sama'ila ya zauna bisa turmi shina goge sufana guda da tsumma har anka kira magariba.

Ya sauko ƙasa da bututunshi, ya koma masussukar da ke bayan gidajensu, fili ne, kowa na ganinshi, ba wanda zai ce ya leƙa wani. Daji kuwa ba ya shiguwa, 'yan sintiri sun hana kowa fita bayan gari in dare ya yi, balle mutumin da ake ce ma Mai Leƙe a gan shi shina yawo cikin duhu.

Ba a jima ba sai ga Tukur da ƙarfe dogo da masu haƙa rami. Fitilar sola ya sawo Sakkwato, irin babbar nan mai farin haske da ke kunna kanta in rana ta faɗi, ya sa anka kafa ta daidai bakin masussuka, kan hanyar masallaci. Bayan sallar isha'i ya miƙe cikin masallaci ya ce jama'a ga fitila nan ya sa sadaka ce, Allah shi kai ladar kabarin mahaifiyarshi Tani, yadda ta haska ma tsofaffi hanya Allah shi haska makwancinta. Liman ya ɗaga hannu anka yi addu'a doguwa. Sama'ila na sahu na biyu, matar da ta goya shi ake ma addu'a, dole ya ce amin, dole ya shafa. Da ya ɗago kai sai ya ga Tukur na kallonshi ta wutsiyar ido shina murmushi.

Daren nan ya fito da bututu ya duba, sama ta yi fari-fari awa an zuba ruwan koko, manyan taurari na nan amma mayafi babu shi babu alamarshi. Kuma wa zai kai ma ƙara? Ya je ya ce ma mai unguwa haske ya dame shi, duhu yake so? Ai sai a ce to dama. Wata rana ya ɗauki dutse ya auna, matarshi Suwaiba ta fito zubar da ruwa ta gan shi.

"Malam, fitilar Gwaggo za ka jefa?"

Ya saki dutsen.

Ta ce, "In kashe ta kake so a yi ai da sauƙi. Haskenta na faɗowa tsakar gidanmu, ni da yara nan muke shimfiɗa in ana zafi. Ka gaya ma mai unguwa hakanan, gobe za a juya ta."

"Ba kashe ta nike so ba," in ji shi. "So nike tana ci, ƙarƙashinta, gaban mutane, Tukur shi duƙa shi sa ido shi faɗi da bakinshi abin da yag gani."

"In ya ƙiya fa?"

"Ni na san shi. Akushi guda munka ci."

Washegari ya hau babur sai Shagari. Ya iske Malam Mansur zaune inuwa da baƙin tabarau, ya kwashe labari duka ya gaya mai, Malam ya yi dariya har da tari wurin zancen mayafi, sannan ya ga Sama'ila ba ya dariya sai ya bari. Ya ce akwai dabara. Ya ce hasken fitila gauraye ne, launi iri-iri a haɗe, shi kuwa hayaƙin nan na sama kusan launi guda yake fitarwa, wani kore-kore. To akwai wani ɗan gilashi da ake ɗaura ma bututun wurin da ake sa ido, aikinshi tacewa, ya bar wannan launi guda ya wuce ya tare sauran.

"Awa rariya ke nan," in ji Sama'ila.

"Awa rariya. Gari ya wuce tsaki ya tsaya. Amma kar ka ɗauka sihiri ne, ba ya kashe fitila duka. Sai ka laɓe inda haskenta ba ya dukan bakin bututun, ka rufe kanka da baƙin ƙyalle, ka jira ido ya saba. Taurari ma za su dushe, amma shi zai fito."

Ba a saida shi Sakkwato, ba a saida shi Kano, sai wani tsohon ɗalibin Malam ya yi odarshi ta waya daga waje. Sama'ila ya kama ragon da yake kiwo don layya ya kai kasuwa. Shekarar nan gidanshi ba a yi yanka ba, Tukur ya aiko da cinya, Sama'ila ya ce a kai ma maƙwabta.

Kafin abu ya iso kaka ta wuce, mayafi ya bi rana ya faɗi, sai wata shekara. Direban motar Shagari ya miƙo mai wani ɗan kwali, ya buɗe, ɗan gilashi ne bai fi murfin kwalbar lemo ba, shina walƙiya ja-ja kore-kore awa fetur bisa ruwa. Suwaiba ta leƙo ta ce wannan ne ragon? Ya ce shi ne. Ya naɗe shi cikin auduga ya sa gwangwanin madara ya rufe ya tura ƙarƙashin gado, ya shiga jira.

Rani ya zo ya yi ta gyaran injuna fadama, ana ce mai Mai Leƙe shina amsawa awa sunan yanka. Bazara ta zo, damina ta zo. Cikin damina anka yi wata iska da ruwa, fitilar sola ta mutu, ruwa ya shiga wurin batir. Masussuka ta koma duhu, tsofaffi na lalube, Tukur na ta cewa zai kira mai gyara daga Bodinga bai kira ba. Ran nan da hantsi sai mutane sunka ga Sama'ila bisa tsani jingine da ƙarfen, sukundireba a baki, ya kwance ya busar ya canja waya ya naɗe da roba ya liƙe inda ruwa ke shiga, har ya goge allon da ke shan rana da rigarshi. Da magariba fitila ta kama fiye da da. Liman ya ce kun gani, zumunci ba ya mutuwa, Allah shi yi ma Sama'ila albarka. Tukur dai ya tsaya nesa shina kallo, bai gane ba, kuma abin bai yi mai daɗi ba.

Da anka fara yankan gero sama ta wanke, Sama'ila ya fiddo gwangwani. Ya gwada shi kaɗai tukuna, bayan wani rumbu da ke gefen masussuka, inda inuwar rumbun ta tare fitila. Ya naɗa kwali bakin bututu ya ƙara mai tsawo, ya ɗaura gilashin, ya ari baƙin zanen Suwaiba ya lulluɓe kai. Ya jira. Sai ga shi. Ba ɗan zaren nan na bara ba, wannan karon a lanƙwashe yake, dogo, da rassa da yage-yage awa an ja auduga an bar ta. Ya daɗe shina kallo, amma ko murna bai ji ba, fuskar Tukur kawai yake gani.

Dama tun da anka kafa fitilar nan wurin ya zan majalisa, in an fito isha'i nan dattawa ke shimfiɗa tabarmi, Salisu ma ya maido teburin shayinshi nan. Ranar wata Juma'a wuri ya cika har da mai unguwa, sai ga Sama'ila rungume da bututu, zane a kafaɗa. Ya kafa shi bayan rumbu ya saita, ya dawo ya duƙa gaban mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, bara an ce na ga mayafi, kuma na gan shi. Ga ya nan na kawo, a zo a duba ko na wa na."

Mai unguwa ya ce to bari shi fara. Anka kama shi ya tashi, ya cire hula, Sama'ila ya rufa mai zane, tsoho ya sa ido ya jima ya ce shi dai duhu yake gani. Wani cikin masu rakiya ya ce bari a haska ma Baba, ya kunna tocilar waya ya cusa ƙarƙashin zanen, tsoho ya fito shina murza ido shina cewa yanzu kam kore da ja yake gani. Dariya ta tashi. Sama'ila ya san in anka watse a haka sunan ya zauna ke nan har kabari.

Tukur na kishingiɗe bisa tabarma ya ce, "To Mai Leƙe, ko mai mayafin ta shiga ɗaka?"

Sama'ila ya juyo a hankali. "Baba idonshi ya manyanta. Kai naka garau yake, kana hango ruɓaɓɓar albasa cikin buhu ɗaure. Amma na san ba ka zuwa. Tun muna yara in Gwaggo ta aike mu cikin duhu riƙe min riga kake kana kuka."

"Wa, ni?"

"Har fitsari ka taɓa yi bakin rumbun ga. Shi ya sa kas sa fitila, ba don kowa ba."

Mutane sunka kwashe da dariya, Salisu har da buga tebur, ana cewa Tukur ka ji fa, Tukur a tashi. Maganar taubashi ce, ba ya da damar yin fushi gaban dattawa, kuma ba ya da damar zama. Ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce kawo in gani, in ban ga komi ba gobe ka bar garin ga da bututunka. Sama'ila ya ce na yarda.

Kafin Tukur ya iso sai ya yi wuf ya kwance ɗan gilashin ya sa aljihu, ya kuma sassauta mazaunin ya yi ƙasa da shi, don dole mai kallo ya durƙusa. Tukur ya durƙusa, gwiwa biyu cikin ƙaiƙayi, dillali guda, anka rufa mai zanen mace a kai, bayanshi a turo. Matasa sunka fara ɗaga waya, Sama'ila ya ce a kashe tocila dai, sauran ba ruwanshi.

"Mi kag gani?"

"Taurari. Sai mi? Wa bai san taurari ba?"

"Mayafi fa?"

"Babu. Jama'a ku shaida, babu komi."

"Faɗi da ƙarfi na baya su ji."

"Babu komi nic ce."

"To wannan aikin fitilarka na. Rufe ido, kar ka ɗago."

Ya zare wurin sa idon ya ɗaura gilashi ya mai da, ya leƙa ya daidaita, ya ce ma Tukur kar ya buɗe sai ya ce. Malam ya gaya mai ɗan jira kaɗan ya isa a fara gani, amma Sama'ila ya bar shi nan durƙushe, ya tahi wurin Salisu ya ce a haɗa mai shayi, ya tsaya ya shanye shina hura shi a hankali, Tukur na ƙarƙashin zane shina gumi shina cewa wai har yanzu, shi kuma shina cewa saura kaɗan, ido bai nuna ba.

Sannan ya dawo ya duƙa kusa da kunnenshi. "Buɗe. Kar ka kalle shi ido cikin ido, ba ya son haka. Kalli gefe, ka sato shi ta wutsiyar ido, awa yadda kake kallon surukarka."

Tukur ya fara wata magana ya bari. Bayanshi da ke ta motsi ya tsaya cak. Mutane na ta zolaya, wani na cewa ko ya yi barci, wani na cewa a duba ko ya sake abin da ya yi shina yaro. Sama'ila ya harɗe hannu, bai taɓa bututun ba, don ya san sama tafiya take, duk abin da anka saita in ba a bi shi ba a hankali yake zamewa ya fice ta gefe.

Can sai murya ta fito daga ƙarƙashin zane, ƙasa-ƙasa, ba irin ta dillali ba. "Sama'ila, shina gudu. Ya kusa fita. Jawo min shi."

"Mi ke gudu?" in ji mai unguwa.

Tukur ya ƙara cusa kai cikin zane.

"Tukur, da kai nike. Mi za a jawo maka?"

"Abin, ranka shi daɗe."

"Wane abu?"

Tukur ya yaye zane ya fito, fuska sharkaf, ƙaiƙayi manne a gwiwa, ya dubi ƙasa. "Mayafin."

"Na wa?" in ji Sama'ila. "Na gidanka?"

"Na sama na."

"Shara-shara na ko mai kauri?"

"Haba Sama'ila."

"Ana hangen abin da ke bayanshi ko ba a hange?"

"Ana hange. Taurari na bayanshi."

Mai unguwa ya mai da hularshi ya ce to jama'a kun ji, daga bakin mai ƙara, wanda ya sake kiran bawan Allah ga da wancan suna shi da shi ne. Sama'ila ya ce ranka shi daɗe saura guda, gobe da safe Tukur shi je Islamiyya da ƙafarshi, shi tsaya gaban yara shi faɗi abin da ya faɗa nan, Khairat na zaune. Tukur ya buɗe baki, mai unguwa ya ce za shi.

Kuma ya je. Daren nan kuwa layi anka yi bayan rumbu, har liman, wasu sun gani wasu sun ce hayaƙin murhun Salisu ne. Cikin satin anka fara cewa shigo Sama'ila ai kai ɗan gida ne, shi kuma sai ya ce a'a a fito da injin waje, nan ya fi iska.

Abin da ba wanda ya zata, Tukur ya kamu. Kallon nan guda ya tsaya mai a rai. Anka fara ganinshi bayan isha'i shina zagaye rumbu awa mai neman akuya, in ana layi sai ya tsaya can ƙarshe, in layi ya zo kanshi sai Sama'ila ya zare gilashi ya sa gwangwani ya ce an tashi. Ya aiko da buhun albasa anka mai da mai. Ya sa anka yi ma fitilar hula da langa-langa ta koma haska hanya kawai, masussuka ta yi duhu, Sama'ila ya wuce ta ƙarƙashinta bai ɗaga kai ba. Har Mariya ta shigo wurin Suwaiba ta duba ta koma tana ba mijinta labari.

Ran nan dai Tukur ya tare shi ƙofar gida, ya rage murya. "Ubangidana, na tuba. Sau guda. Ko rabinshi ban gani ba yag gudu."

Sama'ila ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara bututu a kafaɗa.

"Kana dai tare min hanya, ga mutane can na jirana," ya ce, ya raɓa ta gefenshi ya wuce masussuka.